Zobe, kyandir da ƙona takarda a zumuntar ɗalibai Kirista: ibada ce ko ƙofar ƙungiyar asiri?

Wai shin idan yarinya ta dawo daga makaranta da zobe a yatsa ta ce ta yi alkawari da Allah, ko yaro ya ce sun tafi ritirit, wato taron keɓewa don addu'a, na kwana uku an hura wuta kowa ya rubuta zunubansa a takarda ya jefa ciki, abin a yi godiya ne ko kuwa iyaye su fara neman taimako? Tambayar da ta hana mu watsewa da wuri kenan wata Lahadi bayan an tashi sujadar Hausa a cocinmu da ke wajen Agege. Wata mama mai sana'ar tumatir a Mile 12 ce ta tare ni a bakin ƙofa da waya a hannu, bidiyo ne 'yarta ta ɗora a WhatsApp, dare ne, matasa sun yi da'ira kowa riƙe da kyandir, ana waƙa da Turanci wasu na kuka, ga wuta na ci a tsakiya cikin rabin duro. Ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko a garin nan dube min, ba tsafi suka sa yarinyar nan a ciki ba?" Ban ko buɗe baki ba wani dattijo ya riga ni, ya ce, "Haba Mama, ki gode wa Allah, 'ya'yan wasu a kulob suke kwana." Nan fa gardama ta kaure, har masu shara suka ajiye tsintsiya.

Ni dai na yi shekaru a cikin irin wannan zumunta lokacin ina ɗalibi, na raba kati, na riƙe daro da tawul, an ɗora mini hannu ni ma na ɗora wa wasu, kuma abin da na gani shi ne Mama tana da dalilin tsoro amma ba kyandir ya kamata ta ji tsoro ba, shi kuma Baba yana da dalilin murna amma ya yi saurin sakin jiki.

Tukuna, mene ne almajiranci a bakin Kirista?

Maƙwabcina Bakano mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki ranar da ya ji na ce wa wani yaro "almajirina ne". Ya ce, "Malam, ku ma kuna da almajirai? Ina robarsa?" To ai kalmar ta daɗe a wurinmu. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassararsa gaba ɗaya a 1932, almajirai yake kiran mutum goma sha biyun nan da suka bi Yesu, kuma asalin kalmar ɗaya ne da wanda kowa ya sani, wato wanda ya bar gida ya bi malami don neman sani. Almajiranci a makaranta yana nufin ɗalibin da ya ɗan kwana biyu a bangaskiya, sau da yawa ɗan aji uku ko huɗu, ya ɗauki sababbi biyu ko uku ko biyar, suna haɗuwa duk mako su karanta Littafi, su yi haddar aya, su yi addu'a, ya tambaye su yaya karatu, yaya zama da abokan ɗaki, yaya batun saurayi ko budurwa. Ayar da suke kafa hujja da ita 2 Timoti 2:2 ce, inda Bulus ya ce wa Timoti abin da ya koya ya danƙa wa amintattun mutane da za su iya koya wa wasu. Sarƙa kenan, kowa ya kamo na bayansa.

Sai kuma batun alama. A nan ne mutane suke cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai abin da kusan duk ikilisiyoyi suka yarda Yesu da kansa ya umarta, wato baftisma da jibin Ubangiji, 'yan Katolika kuma suna ƙirga bakwai har da tabbatarwa da aure da sauransu. Duk abin da ya rage, fitowa gaba, sa hannu a kati, zobe, kyandir, ƙona takarda, buga ƙusa a gicciyen katako, al'ada ce da mutane suka ƙirƙiro don su sa wa ranar da suka yanke shawara alama, kamar yadda manomi ke kafa dutse a iyakar gona. Wanda bai yi ba bai fita daga addini ba. Duk shugaban zumuntar da ya ce wa yaro in bai jefa takarda a wuta ba Allah bai gafarta masa ba, to ya ƙara gishiri a miyar da ba shi ya dafa ba.

Su waye ma suke shirya waɗannan abubuwa?

Mu 'yan arewa mafi yawanmu da FCS muka tashi, ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, har yau kuma hedikwatarta na Jos. A kudu kuma SU, wato Scripture Union, ce ta yi suna a sakandare, har ta kai duk yarinyar da ba ta sa ɗankunne ba ta shafa jan baki sai a ce 'yar SU ce ko da ba ta taɓa zuwa taronsu ba. NIFES ta manyan makarantu a Ilorin aka kafa ta a 1968, 'yan Katolika suna da NFCS tun 1956, kuma ga 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan, MSSN ɗinku ma a nan Legas aka haife ta a 1954, to kusan sa'o'in juna ne. Misalin da ya fi nuna ƙarfin irin wannan ƙaramin taro shi ne na cocin Deeper Life, wadda ta faro a 1973 da mutum 15 suna nazarin Littafi a falon W. F. Kumuyi lokacin yana koyar da lissafi a Jami'ar Legas da ke Akoka, yau ga ta ko'ina.

Abin da ya canza tun daga wancan lokaci shi ne yawa. Yanzu kusan kowace babbar coci tana da reshenta a kamfos, ga kuma waɗanda ba su da uwa ba su da uba, ɗalibi ɗaya ne ya ce ya ga wahayi ya tara mutum talatin a bayan ajin lakca, ana kiransa Papa, mai kula da 'yan mata ana kiranta Mama, alhali duka-duka shekararsa ashirin da biyu. Tsofaffin ƙungiyoyi suna da ma'aikata manya masu zagayawa, da malami a makaranta mai sa musu ido, da tsarin zaɓe duk shekara. Waɗancan na mutum ɗaya babu mai tsawata musu. Wannan bambancin ya fi zobe da kyandir muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kowace alama da inda ta fito

Fitowa gaba ita ce uwa. Mai wa'azi ya gama ya ce kowa ya rufe ido, wanda yake so ya miƙa ransa ya ɗaga hannu, sannan ya taso ya zo gaban bagade. Mutane da yawa suna zaton tun zamanin manzanni haka ake yi, amma a siffar da muka sani ba ta cika shekara 200 da yaɗuwa ba, wani mai wa'azi Ba'amurke Charles Finney ne ya shahara da ita wajen 1830, yana ware benci a gaba don waɗanda zuciyarsu ta motsa. Wani mai wa'azin Amurka kuma, Billy Graham, ya zo da ita filayen Najeriya a 1960, ya yi wa'azi a Legas da Ibadan da Enugu da Kaduna da Jos, daga nan ta zama ruwan dare.

Kati kuma ya daɗe a tsakanin ɗalibai. A 1886 an yi taron ɗalibai a wani wuri da ake kira Mount Hermon a Amurka, cikin mutum 251 da suka je, 100 suka sa hannu cewa in Allah ya yarda za su tafi aikin bishara a ƙasashen waje. Iskar wannan zamani ce ta kaɗo irin su Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, samari uku da suka sauka a nan Legas a Disamba 1893 da niyyar shiga arewa, biyu suka mutu cikin shekara guda, aikin da suka fara shi ya zama ƙungiyar mishan ta SIM wadda ta haifi ECWA a 1954. To duk ɗan ECWA da ya raina alkawarin ƙuruciya ya tuna cocinsa ma daga alkawarin 'yan shekara ashirin da ɗoriya ta fito.

Ƙona takarda, wanda shi ne ya tayar wa Mama da hankali, daga Ayyukan Manzanni 19 aka aro shi, inda masu sihiri a Afisa suka tuba suka tattaro littattafansu suka ƙona a gaban kowa, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Kakanninmu ma sun yi haka, wanda ya karɓi bangaskiya a ƙauye yakan kawo laya da guru da kambu a ƙona a bainar jama'a, kuma ba ƙaramin abu ba ne don da su yake jin ya tsare kansa. Yaran yau ba su da guru, abin da ya ɗaure su yana cikin waya, caca ta intanet, hotunan banza, satar amsa, ƙwaya, ƙiyayyar uba da ya watsar da su, shi ya sa ake ba su takarda su rubuta su ƙona. Ba wanda yake karantawa, ko kuwa in ce bai kamata wani ya karanta ba, kuma wannan "bai kamata" ɗin ku riƙe shi za mu dawo kansa.

Wanke ƙafa daga Yahaya 13 ne, Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. 'Yan EYN da suka fito daga wajen Garkida da Biu da Chibok ba baƙonsu ba ne don sun gada daga mishan ɗin da ya kafa su a 1923, 'yan Katolika ma suna yi ranar Alhamis kafin Ista. A zumuntar ɗalibai an fi yi lokacin miƙa mulki, tsofaffin shugabanni su durƙusa su wanke ƙafar sababbi, sai a ɗora musu hannu a yi addu'a kamar yadda aka yi wa Bulus da Barnaba a Antakiya. A cikin duka alamomin nan ita na fi so, gaskiya, domin ita kaɗai ce babba yake sunkuyawa ƙasa, kuma na ga wani ɗan gayu da ba ya ko gaisuwa ya fashe da kuka da ya riƙe ƙafar yaron da ya saba aike sayen burodi, ƙafa duk faso da ƙurar hostal.

Zobe shi ne ɗan auta. 'Yan cocin Southern Baptist na ƙasar Amurka suka fara wani kamfen a 1993, matasa su sa hannu a kati cewa za su kame kansu har aure, daga baya zobe ya biyo, intanet ta kawo mana shi. Kyandir kuwa ba wani sirri, mutum ɗaya ya kunna ya kunna wa na kusa da shi har ɗaki ya haskaka, hoton sarƙar nan ce ta almajiranci da maganar Yesu cewa ku ne hasken duniya. Amma ga wanda ya tashi a cocin mishan na arewa, inda bango fari ne ba hoto ba turare, kyandir a hannu sai ya tuna masa da 'yan cocin nan masu farin kaya da yake gani a bakin ruwa a garin nan, mai a kwalba kuma ya tuna masa da boka. An tarbiyyantar da iyayenmu a kan cewa duk abin da ake riƙewa a hannu da sunan kariya an bar shi a baya, to dole gabansu ya faɗi.

Inda suka yi kama da ƙungiyar asiri, da inda suka rabu

A faɗi gaskiya, kamannin akwai. Dare, daji ko bayan gari, wuta, rantsuwa, sabon suna na ɗan'uwa da 'yar'uwa, babba mai riƙe da ƙarami. Kuma tsoron iyaye ba daga sama ya faɗo ba. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ba don kisa aka yi ta ba, amma waɗanda suka ɓalle da waɗanda suka kwaikwaya daga baya sun mai da makarantu filin jini, kowa ya tuna daren 10 ga Yuli 1999 da aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ife. Yau abin ya bar kamfos ya shiga unguwa, mazauna Ikorodu da Mushin da Bariga ba sai an ba su labari ba. Shi ya sa a Maris 2021 Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, da shekara 15 ga mai taimaka musu ko mai ba su wurin taro. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin addini, ya fito fili ya ce wannan 'yanci bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba.

To ina aka rabu? Tun daga sunan, asiri. Bidiyon da Mama ta nuna mini yarinyar da kanta ta ɗora don duniya ta gani, ɗan ƙungiyar asiri ba ya ɗora daren shigarsa a waya. Sannan wa aka yi wa alkawarin? In ga Allah ne, shugaba shaida ne kawai, gobe zai gama makaranta ya tafi bautar ƙasa wani ya hau. In kuwa aka ce yaro ya rantse ba zai taɓa saɓa wa Papa ba, ba zai bar wannan zumunta ba, ba zai yi aure ba sai Papa ya gani a wahayi, to ko da Littafi Mai Tsarki goma aka jera a wurin an bar hanya. Sai ƙofar fita, wanda ya daina zuwa ana zuwa a gaishe shi ne ko ana aika masa cewa la'ana za ta bi shi, zai faɗi jarabawa, ba zai gama lafiya ba? Na san wata zumunta, ba zan kama suna ba, da shugabanta ya ce a rubuta suna a kan takardar zunubi a ba shi ya yi addu'a a kai kafin a ƙona, ashe yana karantawa, daga baya duk wadda ta so ficewa sai ya tuna mata abin da ta rubuta. Babu jini babu gatari a wurin, waƙoƙinsu ma masu daɗi, amma wannan ɗaurin ya fi na igiya.

Gardamar da ke cikin gida

Ko tsakanin fastoci ba a taru a kan magana ɗaya ba. Masu goyon baya suna cewa ɗan Adam mantuwa gare shi, shi ya sa Joshuwa ya sa aka kwaso duwatsu 12 daga kogin Urdun aka kafa, don in yara suka tambaya a ba su labari, Elisha kuma da Iliya ya kira shi ya yanka shanun nomansa ya dafa su da itacen garmar, wato babu komawa. John Wesley ya tara mutane a Landan a 1755 don sabunta alkawari da Allah, har yau 'yan Methodist suna yi a farkon shekara. Suna cewa yaron da ya baro Kaltungo ko Zonkwa ko Zuru ya faɗo Legas yana ɗan shekara 17, ba mai ganinsa, ga 'yan yahu a ɗakinsu suna canza waya duk wata, ga masu neman sa shi a ƙungiya, yana bukatar wata rana da zai riƙa tunawa ya ce ni fa na riga na zaɓa, da kuma mutanen da suka gan shi yana zaɓa.

Masu suka kuma ba baƙin Littafi ba ne. Suna kawo Matiyu 5 inda Yesu ya hana rantsuwa ya ce i ɗinku ya zama i, a'a ya zama a'a, da Mai-Wa'azi 5 da ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa, da labarin Yefta wanda bakinsa ya yi sauri 'yarsa ta biya. Hujjarsu mafi ƙarfi a wurina ita ce ta yanayi. Ƙarfe biyun dare, an yi azumi tun safe, mai jita yana taɓawa a hankali, na dama ya tashi na hagu ya tashi, wane ɗan aji ɗaya ne zai zauna shi kaɗai kamar kututture? Ni da kaina na fita gaba sau huɗu a shekara biyu, ba don ban tuba a na farko ba, sai don kunya ba ta bari in zauna. Mu kuma da muka zama shugabanni sai mu ƙirga kati mu rubuta a rahoto cewa rayuka kaza sun tuba, katunan su kwana a jakar sakatare har ƙarshen semesta ba wanda ya bi ko mutum goma.

Batun zobe ma an yi bincike a kansa a Amurka inda ya fito. Wani da aka buga a 2001 ya gano alkawarin yana sa matasa su jinkirta fara jima'i da kimanin wata 18, amma yana aiki ne inda masu alkawarin ba su yi yawa ba, da zarar ya zama yayi kowa na yi sai ƙarfinsa ya tafi. Wani kuma da ya fito a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2009 ya kwatanta masu alkawari da takwarorinsu masu irin tarbiyyarsu da ba su yi ba, bayan shekara biyar bai ga bambanci a halinsu ba, kashi 82 cikin ɗari na masu alkawarin ma sun ce ba su taɓa yin alkawarin ba, kuma sun fi sakaci wajen kare kansu. Amurka ba Najeriya ba ce, na sani, amma abin ya yi daidai da abin da idona ya gani, wanda ya tsaya ba zobe ne ya tsayar da shi ba, wata 'yar aji huɗu ce da take ƙwanƙwasa mata ƙofa duk Talata ta ce taso mu je, ta kuma san ranar da kuɗin abincinta ya ƙare. Akwai kuma rashin adalcin da ba a cika faɗa ba, zoben kusan kullum a yatsar mace yake, in ta yi tuntuɓe kowa ya gani, wadda aka yi wa fyaɗe ma sai ta ɗauka ita ta karya alkawari, namijin kuwa yana can yana jagorantar waƙa.

Abin da yake jawo wa gida

Rigimar da ta fi kai wa gaban dattawa ba ta wuta ba ce, ta ruwa ce. Anglikan da Katolika da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptis da EYN sai mutum ya girma ya shiga aji ya ba da shaida a nutsar da shi. Yaron da aka yi wa tun yana goye ya je kamfos a ce masa wannan yayyafi ne ba baftisma ba, a kai shi rafi ko wurin ninƙaya a sake, ya dawo gida uwa ta ji kamar an ce duk abin da ta yi banza ne. Ɗan ECWA kuma da bai gama ajin baftisma a gida ba, wani ɗalibi ɗan'uwansa ya nutsar da shi a ritirit ba takarda ba rajista, sai ranar da ya zo neman aure a coci a ce ina katin baftisma, nan ido ya raina fata. Tsofaffin ƙungiyoyin da ba na coci ɗaya ba sun san wannan, shi ya sa bisa al'ada suke tura ɗalibi cocinsa don baftisma, ba sa yi da kansu.

Sai kuɗi. Alkawari da Allah ba ya bukatar lambar asusu, amma za ka ji an ce a hatimce alkawari da iri, wato baiko, yarinya ta tura kuɗin hayar hostal da uwarta ta tara da kwandon tumatir, ko yaro ya ajiye wayarsa a bagade. Sai karatu, Litinin nazari, Laraba addu'a, Juma'a kwanan coci, Asabar gwajin waƙa, sakamako ya fito da jan biro a ce Shaiɗan ne. Akwai kuma harshe, wanda mu mazauna Legas ya fi shafa. Yaran nan duk abin da ya taɓa zuciyarsu da Turanci ya taɓa ta, uwa kuma da Hausa take addu'a da Littafin Waƙoƙi a hannu, in ta tambaya me kuka yi a can yarinya ta rasa kalmar da za ta fassara sai ta ce "Mama ba za ki gane ba", ita kuma uwa da ta ji haka sai ta ji asiri.

Ga maƙwabtanmu Musulmi da 'ya'yansu ke kwana ɗaki ɗaya da namu a hostal, gayyata ba laifi ba ce a doka, amma sashe na 38 ɗin nan ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga bikin addinin da ba nasa ba, kuma zumuntar da ta san abin da take yi ba ta yaudarar yaro da sunan zo mu je bikin cin abinci sai ya tsinci kansa da kati a hannu. Bahaushe ko na wane ɓangare ya san nauyin ba da hannu a yi mubaya'a, ba abin da ake yi wa mutum da dabara ba ne.

Da gardama ta lafa na ce wa Mama ta kira yarinyar a gabanmu, kada ta fara da faɗa, ta tambaye ta sunan zumuntar, wace coci ko wace ƙungiya ce a bayansu, wane malami ne a makarantar yake sa musu ido, an karɓi kuɗi ko ba a karɓa ba, wani ya karanta takardar ko da hannunta ta jefa, kuma in ta ce ta daina zuwa me zai faru. Yarinyar ta amsa duka ba gargada, har ta ba da lambar wata malama mai aure da ke kula da su, ta ce takardar ita ta ninke ita ta jefa, abin da ta rubuta kuma tsakaninta da Allah ne. Mama ta sauke ajiyar zuciya, Baba dattijo ya fara "ai na faɗa miki". Sai yarinyar ta ƙara da cewa af, ta manta, wata mai zuwa za a yi musu baftisma a can, ta riga ta ba da suna. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "A ina? Wa zai yi? Ba ta gama aji a nan ba fa." Ya karɓi wayar daga hannun Mama, ya ce wa yarinyar ta shigo mota ranar Asabar ta zo, dattawa za su zauna da ita bayan gwajin waƙar zumuntar mata.